FUDAILU ƊAN IYADU: ƊAN FASHIN DA YA ZAMA SHEHIN HARAMI



Duk ɗalibin da ya buɗe Sahihul Bukhari ko Sahihu Muslim yana bin sunayen maruwaita ɗaya bayan ɗaya, zai ci karo da sunan Fudailu ɗan Iyadu. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i ma sun fitar da hadisinsa. Imamu Shafi'i ya ɗauki hadisi a wurinsa, haka Abdullahi ɗan Mubarak, da Yahaya Alƙaɗɗan, da Abdurrahman ɗan Mahdi. To wannan bawan Allah da manya irin waɗannan suka zauna gabansa, an yi lokacin da in fatake suka ji sunansa sai su fasa tafiyar dare, su gwammace kwana a kango har gari ya waye. Ɗan fashi ne mai tare hanya, kuma malaman tarihi ba su ɓoye wannan ba.

Kafin mu yi nisa, kada a rikita shi da Alƙali Iyadu mai littafin Asshifa da ake karantawa a zaurukanmu. Shi wancan mutumin Magrib ne, ya rasu a Marrakesh a shekara ta 544 bayan Hijira. Namu na yau Iyadu sunan mahaifinsa ne, kuma ya riga Alƙali rasuwa da fiye da shekara 350.

Alkunyarsa Abu Aliyu, Balarabe ne daga ƙabilar Banu Tamim, amma a gabas aka haife shi, wajen shekara ta 107. Imamu Zahabi ya ce a Samarƙand ne, wadda ke ƙasar Uzbekistan a yau, ya kuma tashi a wani gari na Khurasan da ake kira Abiwarda. Tsakanin Abiwarda da Sarakhsa, wato yankin da iyakar Turkmenistan da Iran ta ratsa a yanzu, nan ne yake tare ayari. Hanya ce ta fatake masu zuwa Marwa da Naisabur, ga dukiya na wucewa, ga daji mai faɗi. Saurayi mai ƙarfi, marar tsoro, wanda ya san dare kamar tafin hannunsa, sai ya mai da wannan sana'arsa.

Labarin tubarsa Zahabi ya kawo shi a cikin Siyaru A'alamin Nubala ta hanyar Fadlu ɗan Musa, malamin hadisi mutumin yankin Marwa wanda suka yi zamani ɗaya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a daren nan ba fashi ya fita ba. Son wata yarinya ne ya kama shi, ya fita yana haura katanga don ya isa gare ta. Yana bisa katanga sai ya ji wani yana tilawa, ya kai aya ta 16 a Suratul Hadid, ayar nan da ke tambayar muminai ko lokacin da zukatansu za su rusuna bai zo ba. Nan take ya amsa wa Ubangijinsa cewa lokacin ya zo, ya sauko ya juya.

Dare ya kai shi wani kango, ya tarar da matafiya sun yada zango a ciki suna gardama. Wasu na cewa a tashi a kama hanya, wasu na cewa a bari sai da safe, don Fudailu na nan kan hanya. Ba su san mai sunan na jin su ba. Ya tsaya ya yi tunani: ga shi yana yawon saɓo cikin dare, ga kuma Musulmi sun takure a kango saboda tsoronsa, lallai ba a banza Allah Ya koro shi wurin nan ba. Sai ya tuba, ya kuma ɗaura niyyar cewa zaman maƙwabtaka da Ɗakin Allah shi ne zai zama cikon tubarsa.

Ni a ganina kangon nan ya fi katangar muhimmanci, ko da yake masu wa'azi sun fi tsayawa a kan katangar. A bisa katanga ya ji girman Ubangijinsa. A cikin kango kuma ya ga kansa da idon mutanen da yake zalunta. Duk wanda ya taɓa kwana a tasha, ba don kuɗin mota sun ƙare ba sai don an ce hanya ba kyau, ya san irin muryar da waɗannan fatake suka yi magana da ita. Da yawa daga cikin masu cutar da mutane ba su taɓa tsayawa sun ji yadda ake ambaton sunansu a bayan idonsu ba. Fudailu ya ji, kuma abin ya shige shi. Akwai ma wata ruwayar daga wani maƙwabcinsa na Abiwarda wadda babu zancen yarinya a cikinta sam: ayari ne ya iso, ya ji suna cewa a ratse zuwa ƙauye saboda shi, jikinsa ya ɗauki rawa, ya fito ya ce su wuce lafiya. Ka ga ruwayoyin biyu sun haɗu a kan wannan gaɓar.

Wani zai ce, to ya za a yi a amince wa tsohon ɗan fashi da hadisin Manzon Allah (SAW)? Zahabi ya riga ya amsa, amsa gajeriya mai kaifi. Ya nuna cewa shirka ta fi tare hanya muni, amma ga mutane nan da suka tuba daga shirka suka zama mafifitan wannan al'umma. Sai dai fa a yi hattara, kada wani ya ɗauki wannan ya ce ai shi ke nan, da an yi istigfari magana ta ƙare. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yanke wa masu tare hanya hukunci mai tsanani, ta 34 kuma ta cire wanda ya tuba tun kafin hukuma ta kama shi. Abin da ke faɗuwa haddi ne, haƙƙin Allah. Dukiyar mutane da jininsu suna nan a wuyansa har sai ya mayar ko an yafe masa, wannan shi ne abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai, har da Malikiyya. Fariduddin Aɗɗar, marubucin Farisa da ya zo bayan Fudailu da kimanin shekara 400, ya ba da labarin yadda ya riƙa bin waɗanda ya zalunta yana neman yafiyarsu, har da ƙissar wani Bayahude da tudun yashi da ƙasar da ta koma zinare. Irin wannan ƙarin gishiri ne na littattafan baya, ba a kafa hujja da shi, amma ko su masu ƙara gishirin sun fahimci cewa tubar ɗan fashi ba ta cika sai da mayar da kayan mutane.

Yanzu ga wurin da nake so matasa su buɗe kunne. Fudailu bai zarce Makka ya zauna yana kuka ba. Kufa ya nufa, neman ilimi. Ibnu Sa'ad ya ce ya shigo ta ne yana babba, wato ba irin yaran da aka kai makaranta tun suna ƙanana ba. Amma mu yi ɗan lissafi. Babban malaminsa Mansur ɗan Mu'utamir ya rasu a 132. In an haifi Fudailu wajen 107, to fashin da tubar da doguwar tafiya daga Khurasan zuwa Iraƙi da zama gaban Mansur, duk sun faru ne bai wuce shekara 25 ba ko kusa da haka. Ashe ba tsoho ne da ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye takobi ba. Saurayi ne da jini a jika, kuma wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ku duba zamanin kuma. A 129 Abu Muslim ya ɗaga baƙaƙen tutoci a kusa da Marwa, maƙwabciyar garinsu, aka fara juyin da ya kifar da daular Banu Umayya. A 132 rundunar Khurasan ta shiga Kufa, aka yi wa Saffah mubaya'a. Saurayi ɗan Khurasan da ya iya faɗa, a waɗannan shekaru kasuwarsa a buɗe take, akwai ganima, akwai muƙami. Mutanen yankinsu sun zo Kufa da makamai, shi kuwa abin da ya kawo shi garin tawada ce da takarda.

Allah kuma Ya haɗa shi da malamin da ya dace da shi. Mansur mutum ne da ake buga misali da shi wajen ƙwarewar hadda, kuma mai yawan azumi da tsayuwar dare. An ruwaito cewa bayan rasuwarsa wata 'yar maƙwabcinsa ta tambayi mahaifinta ina gungumen icen da take gani a kan soron Mansur da dare, ya ce mata ai ba ice ba ne, Mansur ne ke salla. Hukuma ta matsa masa ya karɓi alƙalanci yana gudu. Ya kuma yi karatu wurin A'amash, wanda ya rasu a 148, malamin da ɗalibai suka sani da zafi da kaifin harshe, talaka amma ba ya rusuna wa mai mulki. Ya ji daga Aɗa'u ɗan Sa'ib, da Humaidu Aɗɗawil, da Ja'afarus Sadiƙ. Duk wanda ya san rayuwar Fudailu ta baya a Makka, in ya karanta tarihin Mansur zai ga inda aka samo ta: daren nan, da nisantar ƙofar sarakuna.

Abin da na lura da shi shi ne halittarsa ba ta canza ba, alƙiblarta ce ta juya. Mutumin da ya saba raba dare yana gadin hanya, shi ne ya koma raba dare yana salla. Ƙarfin zuciyar da ya sa shi kaɗai yake tare ayari, da shi ya kalli Halifa ido da ido daga baya. Zuciyar da so ya ɗauke ta har ta hau katanga, ita ce Alƙur'ani ya kama. Larabawa suna kiran wannan abu himma, mu kuma mukan ce mutum ya ƙallafa rai. Sau da yawa yaron da unguwa ta gaji da shi, wanda ake cewa ba ya jin magana, yana da wannan wutar fiye da salihin da ba ya motsi. Kuskuren da muke yi, mu iyaye da malamai, shi ne mu ce masa ya daina kawai, ba mu ba shi abin da zai riƙe ba. Wanda ya bar shaye-shaye ko daba ya dawo gida ya zauna hannu rabbana, da safe ba inda za shi, da dare ba abin da zai hana shi barci don ɗoki, wallahi tsofaffin abokai na nan suna jiransa a bakin layi. Fudailu ya yi abu uku a jere: ya bar garin, ya canza abokan zama, ya samu abin da ya cika masa dare da rana. Ba dole ne abin kowa ya zama hadisi ba. Wani haddar Alƙur'ani ce, wani ɗinki ne ko gyaran mota ko noma, in dai halal ne kuma zuciya ta kamu da shi.

Kada kuma mu yi ƙarya don mu ƙawata labari. Shekarun da suka tafi a daji sun tafi. Malaman hadisi sun yarda da amanarsa, Nasa'i da Ibnu Uyaina duk sun ce amintacce ne, amma Abdurrahman ɗan Mahdi, wanda ɗalibinsa ne, ya bayyana shi da mutumin kirki wanda bai kai sahun manyan mahaddata ba. Bai zama Sufyanus Sauri ba a yawan hadisi. Abin da aka ba shi wani abu ne daban, magana mai shiga zuciya, da tsoron Allah da ake gani a fuskarsa.

Daga Kufa ya cika alkawarinsa ya koma Makka, ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka gan shi a can sun siffanta karatunsa da cewa a hankali yake yin sa, cikin baƙin ciki, kamar mai magana da wani mutum a gabansa, in ya zo ayar da ta ambaci Aljanna sai ya yi ta maimaitawa. Yana da tabarma a wurin sallarsa, in barci ya rinjaye shi ya ɗan kishingiɗa, ya farka ya ci gaba. Karantar da hadisi kuwa nauyi yake yi masa ƙwarai saboda kwarjinin maganar Annabi (SAW), har yakan nuna cewa a roƙe shi kuɗi ya fi masa sauƙi a kan a roƙe shi hadisi. Daga gare shi aka samo bayanin nan da ɗalibai ke haddacewa a kan aya ta 2 a Suratul Mulk, cewa aiki ba ya karɓuwa sai ya haɗa abu biyu, a yi shi don Allah kuma a yi shi bisa Sunna. Shi ne kuma ya yi gargaɗin cewa barin aikin alheri don gudun idon mutane shi ma riya ne. Wannan ta biyun tana da amfani ga mai sabuwar tuba, wanda ke jin kunyar shiga sahun gaba don kada a ce jiya-jiya fa muka gan shi.

Sai ƙissarsa da Haruna Rashid, wadda Abu Nu'aim ya kawo a Hilyatul Auliya daga bakin Fadlu ɗan Rabi'u, babban bafaden Halifa. Haruna ya zo aikin Hajji, wani dare zuciyarsa ta ƙi natsuwa, ya ce a kai shi wurin malamin da zai tambaya. Aka fara da Sufyanu ɗan Uyaina, sannan Abdurrazaƙ. Kowannensu ya fito da sauri, suka tattauna, Halifa ya tambaye shi ko ana bin sa bashi, ya sa a biya. Ba laifi suka yi ba, malami yana da haƙƙi a baitulmali. Amma Haruna ya ce bai samu abin da yake nema ba.

Da suka isa gidan Fudailu sun tarar yana salla yana maimaita aya ɗaya. Aka ƙwanƙwasa, aka ce Sarkin Muminai ne, ya nuna ba shi da wata hulɗa da Sarkin Muminai. Da aka tuna masa wajibcin ɗa'a ya sauko ya buɗe, ya koma sama ya kashe fitila, ya rakuɓe a lungu. Halifan da mulkinsa ya kama daga Arewacin Afirka har Khurasan ya shiga lalube cikin duhu. Hannunsa ya taɓa na Fudailu, sai Fudailu ya yaba laushin hannun, ya haɗa da sharaɗin in ya tsira daga azabar Allah gobe. Sannan ya tuna masa yadda Umar ɗan Abdul'aziz, da aka ba shi mulki, ya ɗauke shi a matsayin bala'i, ya kira Salim ɗan Abdullahi da Muhammadu ɗan Ka'ab da Raja'u ɗan Haiwa don su ba shi shawara. Ɗaya ya ce ya yi azumi daga duniya, ɗaya ya ce ya ɗauki babban Musulmi uba, tsaka-tsaki ɗan'uwa, ƙarami ɗa, ɗaya ya ce ya so wa mutane abin da yake so wa kansa. Ya tambayi Haruna ko a fadarsa akwai mai faɗa masa irin wannan. Haruna ya yi kuka har ya suma. Bafaden ya ce a sassauta wa Halifa, Fudailu ya mayar masa cewa su ne ke kashe shi, ba mai yi masa nasiha ba.

A ƙarshe Haruna ya miƙa masa dinari 1000. Ku tuna nisabin zakka dinari 20 ne, wato wannan nisabi 50 ke nan, sama da kilo 4 na zinare. Ya ƙi karɓa, ya yi mamakin a ce ya nuna wa mutum hanyar tsira a saka masa da wannan, daga nan ya yi shiru bai ƙara magana ba. Bayan sun fita wata daga cikin iyalinsa ta yi masa ƙorafin halin ƙuncin da suke ciki, ya kwatanta kansa da raƙumin da mutane suka ci guminsa, da ya tsufa suka yanka shi. Ni ban ga laifin matar nan ba, yunwa ba wasa ba ce, kuma ba kowa aka ɗora wa irin wannan zuhudu ba. Amma ka tsaya ka duba, hannun da ya ƙwaci dukiyar mutane da ƙarfi yana saurayi, shi ne aka miƙa wa zinare da girmamawa ya janye. Abin da yake rayuwa da shi, in ji Zahabi, kyautar Ibnul Mubarak ce da ire-irensa, shi kuwa Ibnul Mubarak fatauci yake yi yana ɗaukar nauyin wasu malamai. Tsohon mai tare fatake, ga shi falke ne ke ciyar da shi don Allah.

Kada a ɗauka gudun kyautar sarki ƙiyayya ce da sarki. Shi ne ya ce da yana da addu'a ɗaya karɓaɓɓiya da shugaba zai yi wa, domin gyaruwar shugaba gyaruwar ƙasa ce da bayin Allah. An ce da Ibnul Mubarak ya ji bayanin sai ya sumbaci goshinsa.

Yana da ɗa mai suna Aliyu, wanda tsoron Allah ya yi masa yawa har ba ya iya jure wasu ayoyi. In Fudailu na limanci ya san Aliyu na bayansa, sai ya wuce ayoyin azaba bai tsaya a kansu ba. Wata rana ya zaci ba ya nan, ya karanta, yaron ya faɗi a some. Aliyu ya riga mahaifinsa rasuwa da 'yan shekaru, kuma malaman tarihi sun ce jin wata aya ce sanadi. Halin Sahabbai ya fi wannan cika, su hawaye suke yi zukata su yi laushi ba tare da suma ba, amma wanda abin ya rinjaye shi ba da ganganci ba, malamai sun yi masa uzuri. Wani da ya zauna da Fudailu shekara 30 ya ce bai taɓa ganin murmushinsa ba sai ranar da Aliyu ya rasu, da ya tambaye shi dalili ya nuna cewa Allah ne Ya so wani al'amari, shi ma ya so abin da Allah Ya so.

An ruwaito ya haɗu da wani mutum ya tambaye shi shekarunsa, ya ce 60. Ya gaya masa cewa shekara 60 ke nan yana tafiya zuwa ga Ubangijinsa, ya kusa isa. Mutumin ya firgita ya nemi dabara. Fudailu ya ce dabarar mai sauƙi ce, ya kyautata abin da ya rage sai a gafarta masa abin da ya wuce, in kuwa ya munana a saura za a kama shi da na baya da na gaba. Ibnu Rajab ya kawo wannan a littattafansa. Mai wannan maganar ba a takarda ya karanto ta ba.

Ya rasu a Makka a watan Muharram na shekara ta 187, daidai da farkon 803 Miladiyya, yana da kimanin shekara 80. Abokinsa Ibnul Mubarak ya riga shi da shekara shida, Haruna Rashid kuma ya biyo bayansa da shekara shida. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.